Gwajin adabin Turanci: Yadda ake shirya ɗalibi ya fahimci sauyin Kambili

Da zarar gwajin aji ya ƙarato a makarantun sakandare, kasuwar ƙananan littattafan taƙaita labari ke buɗewa. Ɗalibin da aka damƙa wa Purple Hibiscus tun farkon zangon karatu sai ya jingine shi, ya rungumi 'yan shafukan da wani ya tsamo masa sunayen taurari da jigogi.

Littafin, wanda Chimamanda Ngozi Adichie ta fitar a 2003, ya taɓa shiga jerin littattafan adabi na WAEC. Labarin Kambili ne, 'yar shekara 15 a Inugu, wadda mahaifinta Eugene attajiri ne mai kyauta a waje, mai azabtar da iyalinsa a gida da sunan addini. Irin wannan labari na tasowar yaro zuwa hankali, ginshiƙinsa shi ne sauyi: yadda tauraruwar take a farko, abin da ta zama a ƙarshe, da abin da ya sauya ta. A nan ne taƙaitaccen bayani ke gazawa, domin yana faɗin abin da ya faru ne kawai.

Mai hadda zai iya rubuta cewa Kambili ta je Nsukka wajen gwaggonta Ifeoma. Amma sai wanda ya karanta ne zai nuna cewa yarinyar da magana ke maƙale mata a maƙogwaro, a can ta fara dariya, ta kuma iya mayar wa Amaka, 'yar gwaggon nata, da martani. Wannan ce hujjar da mai duba takarda ke nema.

Tsarin labarin ma tarko ne. An buɗe shi da ranar da Jaja, yayan Kambili, ya ƙi karɓar jibin Ubangiji a coci, mahaifin ya yi jifa da littafin addu'a ya farfasa kayan adon mahaifiyarsu. Daga nan labarin ya koma baya. Ɗalibai da dama kan ɗauka cewa bijirewar Jaja ta riga zuwa Nsukka, alhali zaman Nsukka ne ya haife ta. Malamin da ya zana jerin aukuwar al'amura a allo, ya sa ɗalibai su jera su da kansu, ya kawar da wannan ruɗani cikin darasi guda.

Ga ɗalibin da ya taso a gidan Hausa akwai ƙarin nauyi: al'adun cocin Katolika da kalmomin Ibo da ke warwatse cikin littafin. Ba rashin Turanci ba ne ke hana shi gane dalilin da ya sa Eugene ya ƙaurace wa mahaifinsa, Papa-Nnukwu, mai bin addinin gargajiya. Bayani ne ba a yi masa ba. Minti goma a kan wannan ya fi awa guda na maimaita jigogi.

Sauran aikin na alƙalami ne. Kafin ranar gwaji, ya kamata kowane ɗalibi ya rubuta sakin layi ɗaya a kan tambaya ɗaya, misali dalilin da ya sa Jaja ya ɗauki laifin gubar da mahaifiyarsa ta sa wa mahaifinsu a shayi, ya kawo hujja biyu daga littafin, sannan a karanta amsoshin a aji a gyara su tare.