Ƙungiyar Intanet Ta Duniya Da Sharuɗɗan Yafe Haraji

A farkon shekarar 1992 ne wasu masanan kwamfuta, cikinsu har da Vint Cerf da Bob Kahn, suka kafa ƙungiyar Internet Society. Kafin shekarar ta ƙare aka yi mata rajista a Washington, babban birnin Amurka, a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba.

Ɗaya daga cikin dalilan rajistar shi ne injiniyoyin da ke tsara ƙa'idojin intanet 'yan sa kai ne, ba su da wata inuwa ta doka da za su fake idan wani kamfani ya kai su ƙara. Ƙungiya mai rajista kuwa tana iya buɗe asusu, ta karɓi gudummawa, ta tsaya gaban alƙali da sunanta.

Dokar harajin Amurka, a sashe na 501(c)(3), takan yafe wa irin waɗannan ƙungiyoyi haraji, amma da sharaɗi. Ba a raba wa shugabanni riba, ba a goyon bayan ɗan takara, kuma dole ne a bayyana lissafin kuɗi kowace shekara. Watau dukiyar ta zama amanar jama'a.

An ga nauyin wannan amana a 1992 kaɗan ne, sai a 2019, sa'ad da ƙungiyar ta shirya sayar wa kamfanin Ethos Capital ikon kula da adireshin .org, wanda dubban ƙungiyoyin agaji ke amfani da shi, a kan dala miliyan 1,135. Ƙungiyoyin suka yi ca a kanta, kuma suna da hujja. Babban lauyan gwamnatin Jihar Kalifoniya ya sa baki, a watan Afrilu na 2020 kuma hukumar ICANN, mai kula da sunayen intanet, ta hana cinikin.