Bukukuwan Ba'amurke A Baƙuwar Ƙasa

 Uwargida, in kin gama sanwa ki jawo kujera ki zauna, yau hirar tamu a kan baƙo ce, baƙon ma wanda ya fito daga nesa, wato Ba'amurke ko Ba'amurkiya da aiki ya kai wata jami'a a wajen ƙasarsu. Za mu duba yadda suke yi in lokacin bukukuwansu ya zo alhali dangi na can bayan teku. Za ki ce, to ni ina ruwana da bikin mutanen Amurka? Ki yi haƙuri ki saurara. Duk wadda aka taɓa kai ta aure wani gari ta yi sallar farko babu uwa babu ƙanne, ta san ciwon da za mu yi magana a kai.

Da farko, me ke kai su jami'o'in waje? Abin ya daɗe. Akwai jami'ar Amurka a Beirut ta ƙasar Labanan tun 1866, akwai wata a Alƙahira tun 1919. A nan gida kuma, a shekarun 1960 da 1970 malamai daga jami'ar jihar Kansas sun zauna a Samaru da iyalansu, suna taimaka wa Jami'ar Ahmadu Bello wajen koyar da aikin gona da likitancin dabbobi. Sai kuma Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola, wadda Alhaji Atiku Abubakar ya kafa, ta fara ɗaukar ɗalibai a 2005. A irin waɗannan wurare malami yakan zauna ne a gidajen ma'aikata, abin da muke kira kwatas. Maƙwabcinsa na dama wataƙila mutumin Indiya ne, na hagu ɗan Kamaru, na gaba Bafulatanin Adamawa. Ofis ɗaya, kanti ɗaya, 'ya'yansu makaranta ɗaya. Ki riƙe wannan, domin shi ne gishirin maganar.

Su mutanen Amurka, lokacin bukukuwansu wajen mako biyar ne zuwa shida a jere. Yana farawa ne da bikin da suke kira Thanksgiving, wato Ranar Godiya, ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Daga nan sai Kirsimeti ranar 25 ga Disamba, sai sabuwar shekara ranar 1 ga Janairu. Kirsimeti na Kirista ne, kuma ba duk Ba'amurke ne Kirista ba. Akwai Yahudawa masu nasu bikin na kwana takwas mai suna Hanukkah, akwai Musulmi masu yin sallarsu kamar mu, akwai kuma wasu baƙaƙen fata da ke yin wani bikin al'ada mai suna Kwanzaa, wanda aka ƙirƙiro a 1966. Amma Ranar Godiya kusan ta kowa ce, ba ta coci ba ce, ta gida ce. Ranar ce ake son kowa ya koma gaban iyayensa a ci abinci tare.

Asalinta ma labarin baƙunta ne. A ƙarshen 1620 wani jirgin ruwa mai suna Mayflower ya sauke mutum 102 daga Ingila a gaɓar Amurka. Sun iso ana shiga sanyi, babu gida babu rumbu, kafin bazara kusan rabinsu sun mutu. Mutanen da suka tarar a ƙasar, ƙabilar Wampanoag, su suka nuna musu yadda ake shuka masara a wannan ƙasa. Da kaka ta yi a 1621 aka yi kwana uku ana ci ana sha, 'yan ƙasa wajen 90 suka halarta. Kin san matan aure nawa suka rage da rai a cikin baƙin a lokacin? Huɗu kacal. Ki auna aikin tukunya a ranar. Sai dai zaman bai ɗore da daɗi ba, domin daga baya baƙin sun yi yawa sun ƙwace ƙasar, shi ya sa tun 1970 wasu jikokin 'yan asalin ƙasar suke mayar da wannan rana ranar makoki.

Wadda ta tsaya tsayin daka har ranar ta zama ta ƙasa baki ɗaya mace ce, sunanta Sarah Josepha Hale. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar, ta riƙe su da alƙalami, har ta zama editar wata babbar mujallar mata. Shekara 17 ta yi tana rubuta wa gwamnoni da shugabanni wasiƙa. A 1863, ana tsakiyar yaƙin basasarsu, Shugaba Abraham Lincoln ya amsa, ya ayyana ranar. A 1941 majalisarsu ta kafa doka ta tsayar da ita a Alhamis ta huɗu. Kin ga dai abin da naci da takarda suke yi.

To yanzu mu dawo kan wanda wannan rana ta riska a Yola. Abu na farko, a Nijeriya ranar ba hutu ba ce, Alhamis ce kamar kowace Alhamis. Kasuwa na ci, yara sun tafi makaranta, ba wanda zai tare shi a hanya ya ce barka da biki. Na biyu, jami'o'in da ke bin tsarin Amurka sukan fara zangon karatu ne wajen ƙarshen Agusta su ƙare a tsakiyar Disamba, saboda haka ranar takan faɗo daf da jarrabawa. Malami ba shi da halin tafiya. In ma ya ce zai je, sai ya hau jirgi zuwa Abuja, daga nan galibi zuwa Turai, sannan ya tsallaka teku, yini da kwana a hanya, ga kuɗin jirgi. Na uku, agogo ma ba ɗaya ba ne. A wannan lokaci na shekara Nijeriya na gaban birnin New York da awa 6, tana gaban Kalifoniya da awa 9. Lokacin da uwarsa ke zuba abinci a can, shi a nan dare ya yi. A da sai wasiƙa da waya mai tsada, yanzu akwai kiran bidiyo, amma ke ma kin sani, ganin tuwo a waya ba ya ƙosarwa.

Sai su yi dabara. Su tara kansu, a zaɓi gidan da ya fi faɗi, ko kulob ɗin ma'aikata, in Alhamis ba ta yiwu ba a ɗaga zuwa Asabar. Kowane gida ya kawo kwano ɗaya. Wannan ai ciyayya ce irin wadda maigida ke yi da maƙwabta a zaure, bambancin kawai su maza da mata suke zama, kuma tun ana saura kwanaki ake rubuta wa zai kawo me, don kada a wayi gari kowa ya dafo shinkafa.

Bari in gaya miki abin da ke kan teburin, don na san nan kunnenki yake. Sarkin abincin shi ne talo-talo, gasasshe sukutum ba a yanyanka ba. Ana cusa masa gutsattsarin burodi da albasa da kayan ƙamshi a ciki, a shafe shi da man shanu, a sa a murhun gasa burodi awa uku zuwa huɗu, ana yi ana ɗibar romon ana kwarara masa don kada ya bushe. A can ƙasarsu a kanti ake sayensa figagge daskararre. A nan kuwa sai a kawo wa Ba'amurkiya shi da ransa yana fiffika, ta tsaya ta rasa ta inda za ta fara, sai kuku ko matar maƙwabci ta zo ta fid da ita kunya. Akwai dankalin Turawa da ake dafawa a murƙushe da madara, akwai dankalin Hausa, akwai masara. Akwai kuma kabewa, amma ba a miyar taushe ba. Dafa ta ake yi a tuƙe da ƙwai da madara da sukari da kirfa da citta, a zuba a kan ɓawon fulawa a gasa, a ci bayan abinci.

Abu ɗaya ne ba ya samuwa a kasuwarmu, wasu 'yan jajayen 'ya'yan itace masu tsami da ake dafawa da sukari a ci da naman. Nan ne zoɓonmu ya yi rana. In aka dafa soɓorodo da sukari da ɗan ruwa har ya yi kauri, launi da tsamin sukan zo kusan ɗaya. Ko ke ma kina iya gwadawa da gasasshiyar kaza.

Kafin a sa hannu, a gidaje da yawa akan zagaya, kowa ya faɗi abu ɗaya da yake godiya a kansa a wannan shekara. Kuma abin kunya ne a gare su a ji wani ya ci abincin ranar shi kaɗai. Don haka ake gayyato ɗalibin da garinsu ke nesa, da malamin da bai da iyali, da abokin aiki ɗan ƙasa. Sau da yawa sai ki ga Amurkawan ma su ne 'yan kaɗan a wurin, dafa-duka da soyayyar ayaba na zaune kusa da talo-talo.

Kirsimeti kuwa wani hali ne daban. Jarrabawa ta ƙare, ɗalibai sun watse, masu hali sun tafi gida. Harabar da ke cike da hayaniya sai ta yi tsit, hazon hunturu ya rufe ta. Wanda ya saba da dusar ƙanƙara a wannan lokaci, ga shi yana shafa man kaɗe saboda faso. Waɗanda suka rage su ne abin tausayi, kuma a nan ne zumuncin kwatas ke nuna kansa. Sukan rubuta sunayensu a 'yan takardu a zuba a kwano, kowa ya ɗauki ɗaya, wanda ka ɗauka shi za ka saya wa 'yar kyauta a ɓoye, ta haka ba wanda zai tashi hannu wofi. Masu zuwa coci su bi maƙwabtansu Kirista 'yan ƙasa, su ga yadda ake ɗinka wa yara sababbin kaya ana rabon shinkafa da nama gida-gida. Wanda ke Alƙahira ma sai ya tarar yawancin Kiristocin Masar, wato Kibɗawa, sai 7 ga Janairu suke nasu bikin. Baƙo dai kullum ɗalibi ne.

Amma kada ki ɗauka zaman jami'a ci da sha ne kawai a bayan katanga. Akwai shekarar da aka gwada shi. A ƙarshen Oktoban 2014 'yan Boko Haram suka kama Mubi, jama'a suka kwararo Yola, mata da goyo, tsofaffi a ƙafa. Yawancinsu ba sansanin gwamnati suka shiga ba, gidajen mutane suka sauka, gidan mutum goma ya koma na talatin ko fiye. Shugabar jami'ar Yola a lokacin Ba'amurkiya ce, Dokta Margee Ensign. Tun 2012 jami'ar ta haɗu da malaman Musulunci da limaman coci da 'yan kasuwar garin sun kafa wata ƙungiyar zaman lafiya ta Adamawa. Da wannan masifa ta zo, ita ce ta zama hanyar rabon abinci. Ana tara masara da shinkafa da wake da mai, ana rabawa a harabar cocin Katolika ta Saint Theresa da kuma wajen malaman Musulunci, ɗalibai da ma'aikata na ɗaukar buhu. Mutum fiye da 200,000 suka ci daga wannan taimako. Ranar Godiya da Kirsimetin wannan shekara a cikin wannan hali suka zo. A shekarar ce kuma jami'ar ta karɓi wasu daga cikin 'yan matan Chibok da suka kuɓuta, suka ci gaba da karatu.

Ki lura da wani abu a nan. Ranar da aka buƙaci juna, ba a ranar aka fara sanin juna ba. Shekara biyu ana zama tare ana gaisawa kafin wuta ta tashi. Kuma nauyi mafi girma matan gida ne suka ɗauka, waɗanda ba a ji sunansu a rediyo ba, su suka ƙara ruwa a miya, suka shimfiɗa tabarma a tsakar gida.

Saboda haka 'yar'uwa, ba sai kin taka ƙofar gida ba kafin ki yi naki. A unguwarku ba a rasa baƙo: matar ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, malamar makaranta daga kudu, 'yar hidimar ƙasa, ko amaryar da aka kawo daga wani gari ba ta san kowa ba. Ranar sallah, in kina zuba tuwo da miyar taushe a kwanukan dangi, ki ƙara kwano ɗaya ki aiki yaro da shi. In ranar bikinta ce ta zo, aika a gaishe ta bai rage miki komai ba. In ba ta jin Hausa, kwanon zai yi bayani. Kuma ki tuna, wataƙila naki ɗan yana karatu a Sudan ko Malesiya ko Amurka, ranar sallah ta same shi a aji, yana jiran wata uwa a can ta tuna da shi. Hausawa na cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

A nan za mu dakata. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya haɗa su da maƙwabta nagari, mu ma Ya sa mu zama nagari ga baƙinmu. Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.