Dila Ko Kyarkeci? Matsalar Suna Tsakanin Hausa da Kimiyya

Masu fassara sun saba amfani da kalmar kyarkeci wajen ambaton Canis lupus, dabbar dazuzzukan Turai, Asiya da Amurka ta Arewa, wadda daga wani reshenta da ya ɓace aka samu karen gida shekaru aƙalla 14,000 da suka wuce. Sai dai dabbar da Bahaushe ya sani da kyarkeci ita ce Lycaon pictus, karen daji mai dabbare-dabbare, wanda dangantakarsa da karen gida ke da nisa.

A shekarar 2015, binciken ƙwayoyin halitta da Klaus-Peter Koepfli ya jagoranta ya nuna cewa dilan Afirka mai ruwan ƙasa ya fi kusanci da Canis lupus fiye da dilan Asiya. A yau ana kiransa Canis lupaster. Ke nan, malamin daji na tatsuniyoyi ya fi kyarkecinmu kusanci da karen da ke gadin gida a Wurno.

Wannan bayani yana da amfani ga manomi da makiyayi. Dila yana cin ɓeraye, fara da mushe, don haka yana rage ɓarnar amfanin gona, yana kuma share daji. Idan aka sa masa guba saboda ya ɗauki ɗan akuya a karkarar Birnin Kudu ko Gwaram, ɓeraye ne za su samu sarari, ungulu kuma ta ci mushen ta mutu.

Ya kamata masu ƙamus da littattafan makaranta su bambance dabbobin nan uku.