Tarihin Gumel na cikin adakar gidanku

Duk wanda ya tashi neman tarihin Gumel a rubuce, sai ya yi guzurin tafiya. Takardun En'e na zamanin Turawa, tun daga 1903 da masarautar ta shiga hannunsu, yawanci suna ma'adanar takardu ta ƙasa da ke Kaduna, cikin fayil-fayil na Lardin Kano, domin Jigawa ba ta zama jiha ba sai 1991. Labarin yaƙe-yaƙe da Damagaram kuwa, sai an leƙa Zinder. Tumbi ma, inda sarauta ta zauna kafin a dawo Gumel a 1845, yau tana cikin Nijar.

Ga kuma wata matsala. Gumel ba ta taɓa bin Sakkwato ba, Shehun Barno take kai wa gaisuwa, don haka wasiƙun waziran Sakkwato da masu bincike ke dogara da su ba za su ƙosar da kai ba. Kukawa, inda wasiƙun sarakunan Gumel ke zuwa, Rabe ya ƙone ta a 1893. Shi ya sa har gobe ake jingina da Barth, Bajamushen nan mai laƙabin Abdulkarim, wanda ya biyo ta Gumel a 1851 ya bayyana ta a matsayin babbar kasuwar kanwa. Baƙo ne da ya yi 'yan kwanaki ya wuce. 

Sauran labarin yana gidajenmu. Buɗe gafakar marigayi malam a Gagarawa ko Sule Tankarkar, ka duba gefen shafukan kundinsa: nan aka rubuta da ajami ranar haihuwar ɗa, shekarar fari, sunan wanda aka karanta Ishiriniya a wurinsa. Adakar tsohon dillali a Maigatari ba ta rasa littafin bashi, da kuɗin sa da na raƙumi na kasuwar Alhamis, da sunayen fatake daga ƙetaren iyaka. Rasit ɗin jangali, takardar gona mai hatimin alƙali, littafin awon gyaɗa, duk shaidu ne. A ganina rasit guda mai kwanan wata ya fi dogon kirari amfani ga mai bincike, ko da yake maroƙa ba za su yarda ba.

Gara da ɗigon damina suna ɓarna, amma rabon gado ya fi su. A raba kundi gida huɗu don kowa ya sami tabarruki, shi ke nan, an rasa farko an rasa ƙarshe. Wani kuma ya ce shara ce, ta ƙare a hannun mai ƙosai.

Kada a zuba tsohuwar takarda a leda, gumi take yi ta ruɓe. Kada a liƙe ta da salatif, kada a kai ta shago a manne ta cikin roba, don ba ta sake fitowa lafiya. A naɗe ta a farin ƙyalle, a ɗora a sama nesa da bango. A ɗauki hoton kowane shafi da waya, bi da bi, sannan a zauna da tsohuwar gidan ta faɗi su wane ne masu sunayen, a rubuta a takarda dabam. Mai son shawarar masana ya tuntuɓi Gidan Arewa a Kaduna, ko malaman tarihi na Kwalejin Ilimi ta Gumel, kuma ba dole ne asalin takardar ta bar gida ba.