Gayyar Karatu a Cikin Waya

Da wuya yau ka sami aji a jami'o'inmu, daga Zariya zuwa Kano zuwa Sakkwato, wanda ba shi da zaurensa na WhatsApp. Wakilin aji ne ke buɗe shi tun makon farko, ya jefa kowa ciki. Can ake sanar da an ɗage laccar ƙarfe takwas, can ake tura hoton allo ga wanda ya makara, can ake cigiyar katin shaidar da ya faɗi. Abin ya ƙara kankama a 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris, yajin aikin ASUU kuma ya kai har Disamba. Na 2022 ya zo ya cinye wata takwas. A tsawon waɗannan watanni, waya ce ta riƙe zumuncin ɗalibi da abokan karatunsa.

Sai dai sanarwa daban, koyarwa daban. Malamai da dama sun ɗauka in sun tura takardun darasi cikin zaure, suka ce a kasu goma-goma a yi aiki tare, shi ke nan sun bi zamani. Abin da ke biyo baya kowa ya sani: mutum biyu su kwana suna aikin, takwas su turo suna da lambar rajista da 'yan kuɗin buga takarda, maki kuma a raba daidai wa daida. Wannan zalunci ne ga masu ƙoƙari, cuta ce kuma ga waɗanda aka ɗauke wa nauyi, don sun fita hannu rabbana.

Mu kuwa mun gaji aikin taro da ya fi wannan tsari nesa ba kusa ba. Duk wanda ya taɓa halartar gayyar noma ya san ba taron yuuu ba ne. Mai gona yakan faɗa wa mutane tun da sauran kwanaki, ya raba goro, ya tanadi hatsin fura, ya gayyato makaɗi. Ranar aiki samari su jeru a bakin gona, kowa ya kama kunyarsa. Da an buga ganga sai ƙura ta tashi. Ba da jimawa ba za ka ga layin ya karkace: wani ya yi gaba, wani yana tsakiya, wani yana can baya yana share gumi. Babu mai iya ɓuya a cikin jama'a, domin kunyar kowa tana bayansa tana ba da shaida. Wanda ya bar ciyawa za a gani, wanda ya sare dawa za a gani. Jarumin da ya riga kaiwa ƙarshe kuma ba ya zama, juyowa yake ya tari kunyar wanda ya gaji su haɗu a tsakiya. Mai gona yana nan yana zagawa, yana nuna inda aka tsallake.

Abin da ya sa nake ganin kimar kayan aikin haɗin gwiwa na intanet shi ne sun dawo wa aji da wannan kunya. A Google Docs, ɗalibai da yawa na iya rubutu a takarda ɗaya lokaci guda, kowa daga inda yake, wani a ɗakin kwanan ɗalibai, wata a gidan aurenta bayan ta kwantar da yara. Takardar kuma tana ajiye tarihin gyare-gyarenta. Malami ya buɗe ya ga wanda ya rubuta sakin layi na uku, da ranar da ya rubuta, da wanda ya zo ya gyara masa kuskure, da wanda bai leƙo ba sai daren miƙa aiki ya liƙa wani dogon bayani da ya kwaso daga wani wuri. Takardar da aka buga aka ɗaure da bango ba ta taɓa gaya wa malami wannan ba. A gefen shafi yana iya barin tambaya: "Malama, ina hujjar wannan magana?" Ta dawo ta amsa, sauran su karanta su ƙaru. Gyara ɗaya ya amfani mutum goma.

Akwai ma gayyar da amfaninta ke wuce aji. Malamin sashen Hausa, ko tarihi, ko aikin gona, zai iya sa ɗalibansa su rubuta maƙala a Wikipedia ta Hausa kan garuruwansu, ko kan cutar da ke kama gero, da sharaɗin kawo madogara. Ɗalibin da ya san baƙon ido zai karanta aikinsa, har ya goge abin da ba shi da tushe, yakan natsu fiye da mai rubuta abin da zai ƙare a kabad ɗin ofis.

To amma wanda ya kira gayya shi ke ciyar da ita, kuma nan ne muke da rauni. Data kuɗi ce, ta kuma ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Wani ɗalibin sai ya biya a shago kafin a yi masa caji. Wani wayarsa ba ta ɗaukar manhaja mai nauyi. A 2021 an katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan jihohin da ke maƙwabtaka da ita saboda matsalar tsaro, ɗaliban da ke can suka yanke da kowa. Malamin da ya ce dole kowa ya hau Zoom na awa biyu, ya ɗora maki a kai, talauci yake hukuntawa. Gajeren saƙon murya, da rubutu mara nauyi da za a sauke a karanta ba tare da sabis ba, da wa'adin kwana biyu ko uku, sun fi dacewa da halinmu. Jami'a kuma ta samar da intanet a ɗakin karatu da ɗakunan kwana, wannan haƙƙi ne a kanta.

Haka nan sai an kula da mutunci. A zauren WhatsApp lambar wayar ɗaliba takan faɗa hannun wanda ba ta bai wa ba, kuma mun san yadda wasu ke damun 'yan mata da kira cikin dare. Dalili ke nan da zai sa a mayar da aikin kwas zuwa Google Classroom, ko Moodle, manhajar kyauta da Martin Dougiamas na Ostireliya ya fitar a 2002, inda ake shiga da suna ba da lambar waya ba, kuma darasi ba ya nutsewa cikin gaisuwar Juma'a da tallar atamfa.

Abu mafi nauyi yana kan malami. Bin tarihin takardu hamsin ya fi duba takardu hamsin cin lokaci, ga shi wani ajin ɗalibansa sun haura ɗari biyar. Shi kaɗai ba zai iya ba. Sai sashe ya haɗa shi da mataimaka daga ɗaliban digiri na biyu, a rage yawan ayyukan zuwa ɗaya mai kyau a zango, sannan a lissafa sa'o'in da yake ɓatawa yana amsa ɗalibai a intanet cikin nauyin koyarwarsa, kamar yadda ake lissafa tsayuwarsa gaban allo.