Sabulu a Aljihu da Ihun "Ɓarawo!" a Jos Jarawa

Tun da gobara ta cinye babbar kasuwar Terminus a 2002, cinikin Jos ya watsu zuwa bakin tituna da cikin unguwanni. A Jos Jarawa, mai ƙaramin shago ba shi da kyamara ko mai gadi, idonsa ne kaɗai. Ribar katan ɗin madara ƙalilan ce, gwangwani biyu suka salwanta, wahalar yini ta tafi a banza. Fushinsa yana da hujja, balle tun 2023 da cire tallafin mai ya ɗaga farashin komai.

To me zai yi da yaron da ya kama da sabulu a aljihu? Sau da yawa ihun "Ɓarawo!" ake yi, jama'a su taru, duka ya fara kafin a ji ta bakin kowa. Haka aka kashe ɗalibai huɗu a Aluu ta jihar Ribas a 2012 kan zargin sata. A Jos haɗarin ya ninka. Garin da ya ga rikicin 2001 da 2008 da 2010 ya san cewa kafin a tambayi abin da yaro ya ɗauka, wasu sunansa da addininsa za su fara tambaya.

Caji ofis ma ba ta da sauƙi. Mai kaya ya rufe shago yana zirga-zirgar kotu, yaro ya rasa mai tsaya masa beli, sai gidan yari, inda kusan kashi biyu cikin uku na fursunonin Najeriya jiran shari'a suke. Can zai haɗu da waɗanda suka fi shi iya sata.

Alhali doka ta buɗe wata ƙofa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi da dama suka kwafa, ta ba alƙali ikon sa mai laifi ya biya abin da ya ɗauka ko ya yi wa jama'a hidima. Sayyidina Umar ma bai yanke hannun ɓarawo ba a shekarar fari.

Ni a ganina, satar farko ta ƙaramin abu a kai ta gaban mai unguwa da shugabannin 'yan kasuwa, a kira iyaye, a biya, a rubuta. Wanda ya maimaita, da mai sayen kayan sata, kotu ce tasu. Haka ma duk wanda ya ɗaga sanda kan wanda aka riga aka kama.