Lafazi Ɗaya, Rubutu Dabam: Wani Tarko a Harshen Ingilishi

Duk wanda ya taɓa rubuta sura da ka a kan allo ya san cewa kunne kaɗai ba ya raba masa harafin sin da na sad, domin a bakin akasarinmu sautinsu guda ne, sai dai hadda da horon malami su raba. Irin wannan mushkila ce ta yi katutu a Ingilishi, inda za a tarar da kalmomi biyu, wani sa'in ma uku, waɗanda lafazinsu bai saɓa ko kaɗan ba, alhali kuwa rubutunsu da ma'anarsu kowa da inda ya nufa.

Asali ba haka suke ba. A zamanin da William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster cikin 1476, mutanen Ingila suna furta k ɗin da ke farkon "knight", har ba mai rikita ta da "night", suna kuma fitar da gh daga maƙogwaro, kusa da kha ta Larabci. Wasalin "meat" ma dabam yake da na "meet". Sannu a hankali harshe ya sauya, takarda kuwa ta tsaya inda take, sa'an nan ƙamusun Samuel Johnson na 1755 ya ƙara daddale tsohon rubutun.

Tun da kunne ba zai yi shaida a wannan shari'a ba, wajibi ne marubuci ya koma ga nahawu, ya tambayi kowace kalma aikinta cikin jimla kafin ya ɗora alƙalami. "Their" mallaka take nunawa, "there" wuri, amma "they're" kalmomi biyu ne aka taƙaita, saboda haka in an warware ta zuwa "they are" magana ta karye, to ba ita ba ce. Ɗalibin da ya buɗe wasiƙa ga shugaban makarantarsa da "principle" maimakon "principal", ƙa'ida ya gaisar, ba mutum ba. Haka mai kantin littattafan da ya sa aka rubuta masa "stationary" da fenti, maimakon "stationery", shela ya yi cewa hajarsa ba ta motsi, abin da kuwa babu ɗan kasuwar da ke fatansa.

Kada kuma a dogara ga kwamfuta, domin sau da yawa takan bar kalma ta wuce muddin tana cikin ƙamusunta, ko da ta zauna a gurbin 'yar'uwarta. Mu kuma muna da ƙari namu na musamman, tun da p da f ba su rabu a Hausa ba: "pull" da "full", waɗanda Bature ba ya ko tunanin haɗa su, mu sai mun yi musu irin wannan bincike.